Gidajen Koprivshtitsa: doka ce ta tsare su ko talauci?

Magini Ɗan Zazzau
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na yi alkawari in na dawo daga Bulgeriya zan kawo labari, to ga ni, Allah ya dawo da ni lafiya. Taron da ya kai ni Sofiya na kwana huɗu ne, sai na ƙara biyu daga aljihuna, na hau jirgin ƙasa zuwa wani ƙauye a cikin duwatsun Sredna Gora da ake kira Koprivshtitsa. Tsakaninsa da Sofiya kamar kilomita 110 ne, amma can sama yake, ya haura mita 1,000 daga doron teku, a kwarin kogin Topolnitsa. Tashar jirgin ma ba a cikin gari take ba, sai ka sauka ka shiga ƙaramar mota ta hau da kai.

Katanga ce ta fara tare ni. Dutse ne aka jera, ta fi tsawon mutum, ga ƙofar katako mai kauri da ɗan rufinta a kai. Ƙofar biyu ce a haɗe: babba ta amalanke da dabbobi, ƙarama ta mutum. Daga titi ba ka ganin tsakar gida, sai dai benen sama da ya turo kai ya wuce na ƙasa, an tallafe shi da lanƙwasassun itatuwa. Wani gidan shuɗi ne kamar yanzu aka tsamo shi daga marina, wani ruwan ɗorawa, wani launin jan ƙasa. Titunan duk daɓen duwatsu ne, sun sha sawu har sun yi santsi.

Yawancin gidajen nan an gina su ne tsakanin 1810 da 1876, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Daular Usmaniyya, kuma gine-ginen da aka yi wa rajistar tarihi a wurin sun kai 388. Na kwana biyu ina tambayar kaina yadda aka yi suka kai yau. Amsar da na dawo da ita wasu ba za su so ta ba: talauci ne ya tsare su. Bayan 1878 kasuwa ta mutu, masu hali suka koma Sofiya da Plovdiv, waɗanda suka rage ba su da kuɗin rushewa su gina sabo. Da arziki ya ci gaba da shigowa, da tuni siminti ya cinye wurin.

Sabon Shiga
Malam Magini a yi mini afuwa, wace Daular Usmaniyyar? Ni ta Shehu Ɗanfodiyo na sani. Me ya kai ta Turai?

Ɗalibar Plovdiv
Ta Turkawa yake nufi, mai hedikwata a Santambul. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Sun mulki Bulgeriya daga ƙarshen ƙarni na 14 har 1878, kusan shekara 500.

Yaya Magini sannu da hanya, amma ina da gyara biyu. Na farko, kada mutanen wurin su ji ka ce musu ƙauye. A hukumance gari ne, ko da yake mazaunansa yanzu ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba. Na biyu, ban yarda da maganar talauci ba. Shekarata huɗu a ƙasar nan ina karatun likita, na ga ƙauyukan da talauci ya riƙe. Rufi ya rufta, bishiya ta fito ta tsakiyar ɗaki. Talauci ba ya canza ruɓaɓɓen katako. Gwamnati ce ta ayyana Koprivshtitsa garin tarihi a 1952, a 1971 aka mai da shi keɓantaccen wuri na gine-gine da tarihi, aka zuba kuɗi da ma'aikata aka gyara. Fentin da ya burge ka ai ba tun na 1850 ba ne.

Magini Ɗan Zazzau
Na karɓi gyaran farko, ƙanwata. Idona ne ya ga ƙauye, don da sassafe na ga dawaki suna jan itacen girki a kan titi. Na biyun kuwa ki lissafa: daga 1878 zuwa 1952 shekara 74 ne. Wa ya tsare gidajen a cikin waɗannan shekarun? Doka ta zo ta tarar da abin da za ta kare ne.

Malamin Tarihi Mai Ritaya
Ku biyun kun fara labarin daga tsakiya. Bari tsoho ya ja ku baya kaɗan.

Garin da Magini ya gani ba shi ne na farko ba. A ƙarshen ƙarni na 18 ikon Santambul ya yi rauni a yankin, sai rundunonin 'yan fashi da ake kira kirjali suka cika ƙasa, yawancinsu sojojin da suka gudu daga bakin aiki. Sau uku suka ƙone Koprivshtitsa, na farko a 1793, na ƙarshe wajen 1810. Gidaje ƙalilan ne suka tsira. Katangar nan mai tsawo da ƙofa mai kauri, mutanen da suka ga wuta da idonsu ne suka gina su.

Kuɗin sake ginin daga tumaki ya fito. Ƙasar dutse ce, noma ba ya ci, sai kiwo. Wasu suka zama fataken dabbobi, suna kora garke har Santambul don naman birni da na soja. Wasu suka riƙa sayen izinin karɓar jangalin tumaki daga hannun hukuma, su biya a dunƙule, su bi makiyaya su karɓa da riba. Wasu kuma ɗinki da fataucin wani ƙyallen ulu mai kauri da ake kira aba, suna kai shi har Iskandariya da Alƙahira. Da wannan kuɗin aka gina gadoji da majami'u da makarantu. A nan Nayden Gerov ya buɗe makaranta mai aji-aji a 1846, tana cikin na farko a ƙasar.

Sai 1876. An shirya yi wa Turkawa tawaye ranar 1 ga Mayu a tsohuwar kalanda, asiri ya tonu, aka turo jami'ai su kama wani saurayi ɗan shekara 25, Todor Kableshkov. Ranar 20 ga Afrilu a tsohuwar kalanda, wato 2 ga Mayu a tamu, aka harbe wani ɗan sandan Turkawa a bakin wata gadar dutse a cikin garin. Kableshkov ya rubuta wa Georgi Benkovski, jagoran 'yan tawayen yankin, wasiƙa zuwa garin Panagyurishte cewa an fara, aka yi mata alamar gicciye da jinin wani jami'in Turkawa da aka kashe. Tawayen bai yi wata guda da ƙarfinsa ba. An ƙone Panagyurishte, an ƙone Klisura, a Batak aka yi wa dubban mutane yankan rago. Koprivshtitsa kuwa, inda aka yi harbin farko, ba a ƙone ta ba. Attajiran garin ne suka juya wa 'yan tawayen baya, suka tsare wasunsu, suka tara dukiya suka fanshi garin daga hannun mayaƙan sa-kai na ɓangaren Turkawa.

Don haka kafin talaucin Magini, kafin dokar 'yata, akwai jakar kuɗin attajirai. Abin da ke damuna duk lokacin da na tuna shi ne, gidajen da ake zuwa gani yau don girmama 'yan tawaye, waɗanda suka ba da 'yan tawayen ne suka cece su daga wuta.

Magini Ɗan Zazzau
Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na tsaya a kan gadar nan, 'yar ƙarama ce, taku kaɗan ka haye. Amma ba duk attajiran ne suka ja baya ba. Na shiga gidan Oslekov, wanda aka gama a 1856. Mai gidan babban ɗan kasuwa ne, a gidansa aka ɗinka wa 'yan tawaye kaki, kuma an rataye shi a Plovdiv a wannan shekarar ta 1876.

Kafinta Mai Zarto
Ni ku bar ni da yaƙi, katakon nake so in ji. Malam Magini, benen da ka ce ya turo kai waje, me ya riƙe shi shekara 170 bai sunkuya ba? Kuma bangon saman dutse ne ko me?

Magini Ɗan Zazzau
Yawwa Maigida, ka zo inda na fi ƙauna. Dutse a ƙasa kawai yake, harsashi da bangon ɗakunan ajiya. Sama duk ƙashin katako ne: a kafa tsayayyu, a gicciya wasu, a sa na karkace a kusurwa don kada ya yi rawa. Tsakaninsu a cike da ɗanyen tubali ko a saƙa tsumagiya, a yaɓe da laka mai haɗe da ciyawa kamar yadda muke sa ramno, a bi da farar ƙasa, sannan fenti. Bangon bai da nauyi, shi ya sa za a iya turo shi waje. Katakan da ke ɗauke da daɓen bene su ake bari su zarce bangon ƙasa, a tokare su daga ƙasa da waɗancan lanƙwasassun. Riba biyu ake ci: ɗakin sama ya samu faɗi ya fita murabba'i ko da filin ƙasa karkatacce ne, kuma taga ta samu haske ta gefe uku.

Abin da ya hana shi ruɓewa bakin rufi ne. Suna fito da shi sosai, ta yadda ruwan sama da dusar ƙanƙara ba sa dukan bango. Rufin kansa gasasshen yumɓu ne mai siffar rabin bututu, ana kifa wani a kan wani.

In ka bi gidajen a jere za ka ga yadda kuɗi ya riƙa shigowa. Mafi tsufa na katako ne zalla, gajeru, ba fenti, taga ƙanana. Sai irin gidan Benkovski na 1831, bene ɗaya da buɗaɗɗiyar baranda inda ake aikin ulu da shanya. Daga shekarun 1840 sai salon Plovdiv ya shigo: a rufe barandar ta koma babban falo a tsakiya, ɗakuna su yi layi dama da hagu daidai wa daida. Gidan Kableshkov na 1845 da gidan Lyutov na 1854 irinsu ne. Goshin gidan a lanƙwasa shi kamar sandar da matansu ke ratayo bokitin ruwa biyu a kafaɗa, sunan sandar ma suke kiran lanƙwasar da shi.

Silin ɗin kuwa, Maigida, da kai ne da ba ka fita ba. A tsakiya an sassaƙa rana, siraran katakai suna fita daga cikinta kamar haske har bango. Na daɗe kaina a sama ina neman inda aka haɗa su, da ƙyar na gano.

Gidan Oslekov ya ba ni mamaki ta wani wajen. An tsara shi da fiffike biyu, amma ɗaya kawai aka gina. Ana cewa maƙwabci ne ya ƙi sayar masa da fili. Ga ginshiƙai uku a gaba da aka ce daga Lebanon aka kawo itacensu, ga zanen birane a bango, ga dukiya, amma maƙwabci ya ce a'a, gida ya tsaya da hannu ɗaya har yau.

Ɗan Damagaram
Ina ta karatu ina jira wani ya faɗa, ba wanda ya faɗa. Wannan ginin da kuke kira na Bulgeriya, ni na je Safranbolu a Turkiyya na gan shi sak: dutse a ƙasa, katako a sama, bene mai turo kai, katanga mai suturta iyali. Ginin Musulmi ne aka sake wa suna. Sannan Baba Malam, da girmamawa, ka ambaci Batak ba ka ambaci Musulmin da aka kashe ko aka kora a yaƙin Rasha da Turkiyya na 1877 zuwa 1878 ba. Dubban ɗaruruwa ne suka bar gidajensu. Masallatai nawa aka rushe a Sofiya bayan nan? Su wa ya mai da unguwanninsu wurin tarihi?

Malamin Tarihi Mai Ritaya
Ɗana, gaskiyarka a kan 'yan gudun hijirar, kuma ban ɓoye don wata manufa ba, zancen gari ɗaya nake yi. In ƙara maka ma: a 1984 zuwa 1985 gwamnatin gurguzu ta tilasta wa Turkawan ƙasar canza sunayensu, a 1989 fiye da 300,000 suka tsallaka Turkiyya. Gwamnatin da ta gyara Koprivshtitsa ita ce ta yi wannan. Ta zaɓi abin da take so a tuna. Amma wannan bai goge jinin Batak ba, kuma ba na son mu zama masu kukan gawar namu kaɗai.

Batun gini kuwa, "na Musulmi" ya yi ƙunci kamar yadda "na Bulgeriya" ya yi ƙunci. Salon daula ne guda, za ka same shi a Girka da Albaniya da Makedoniya da Anadolu. Maginan da yawansu Kiristoci ne masu yawo ƙungiya-ƙungiya, yau su gina wa Baturke, gobe su gina coci. Wanda ya gina gidan Oslekov daga Samokov aka ɗauko shi.

Ɗalibar Plovdiv
Yaya na Damagaram, harshensu ma yana ba ka rabin gaskiya. Barandar nan chardak suke ce mata, kabad ɗin cikin bango dolap, dakalin katako da ke zagaye ɗaki ana shimfiɗa masa darduma minder, daɓen titi kaldaram, famfon dutse na unguwa cheshma, babban magini usta. Duk ta bakin Turkawa suka shigo. Har garin yana da sunan Turkanci, Avratalan, wato filin mace, saboda labarin da ake bayarwa na wata mai sarauta da ta roƙo wa garin takardar kariya daga Sarkin Santambul.

Amma akwai abin da yake nasu. Wancan fenti mai ƙarfi a waje, da yadda suka cika bango da zanen furanni da biranen Turai a cikin wani ɗan lungu da suke kira alafranga, wato irin na Faransawa, mutane ne da suka fara kallon yamma suna son a sani. Ka dubi cocinsu na 1817, gajere, daga nesa kamar gidan zama, don a lokacin ba a barin coci ya ɗaga kai. Abin da aka hana su nunawa a wurin ibada sai suka nuna a gidajensu.

Ɗan Damagaram
Na ji, ƙanwata. Ban ce ba su ƙara komai ba. Abin da nake so kawai, in an kai baƙo a faɗa masa duka biyun.

Hajiya Mai Atamfa
Ni tambayata ta mata ce. Duk sunayen da kuka jero maza ne. Ulun nan da aka yi arziki da shi wa ya wanke, wa ya kaɗa, wa ya saƙa? Kuma yanzu akwai masu kwana a gidajen, ko an share an kulle sai baƙi?

Magini Ɗan Zazzau
Hajiya, kin taɓo wuri. Mazan sukan yi watanni a hanya, mata ne ke riƙe da gida da masaƙa. A gidan Lyutov an baje wasu shimfiɗu na daddafen gashin tumaki, ba saƙa ba ne, jiƙa shi ake yi a danne har ya kame, da ado mai launi a jiki. Aikin garin ne tun da. A gidan su marubuci Lyuben Karavelov kuma gini uku ne a tsakar gida ɗaya: ɗakin hunturu na 1810, na ajiya da sana'a na 1820, na bazara na 1835. Shekara 25 iyali suna ƙarawa kaɗan-kaɗan yadda hali ya ba su.

Gidaje shida ne manyan gidajen tarihi da ake shiga da tikiti. Sauran na mutane ne, wasu an mai da su masauki. A irinsu na kwana, wajen wata tsohuwa. Da asuba na ji tana hura murhu, sanyi kamar zai tsaga ƙashi a watan Oktoba. Jikanta ya yi mana tafinta a waya. Ta kama hannuna ta kai ni bayan gida, ta nuna mini inda ruwa ya ci gindin wani katako har yatsa yana shiga. Ta ce ba ta da ikon canza shi yadda ta ga dama, sai an nemi izinin hukumar kayan tarihi, kuma sai da irin kayan da, masu tsada. 'Ya'yanta biyu suna aiki a ƙasar waje. Ɗaki biyu take zama a ciki, sauran a rufe.

Na tsaya a wurin na tuna soron kakana. Shekarar da kuɗi ya shigo gidanmu aka rushe shi, da zanen bangonsa da zankwayensa, aka sa bulo da kwano. Ina cikin waɗanda suka yi murna a ranar. Shi ya sa maganar talaucin nan ba daga littafi na ɗauko ta ba.

Ɗalibar Plovdiv
Allah sarki, Yaya. To ai tsohuwar ta ba mu amsa mu biyun. Dokar ta hana ta rushewa, rashin kuɗi ya hana ta gyarawa, katakon kuma yana ci gaba da ruɓewa. Matsalar mutane ce. Ƙasar nan ta kusa miliyan 9 a shekarun 1980, ƙidayar 2021 ta nuna miliyan 6.5. Koprivshtitsa ma tana da sa'a, tana da baƙi, tana da babban taron waƙoƙi da raye-rayen gargajiya da aka fara a 1965, ana yi duk shekara biyar, UNESCO ta sa shi cikin rajistarta a 2016. Amma taron kwana uku ba ya hura wuta a ɗaki duk hunturu, kuma gidan katako in ba a zaune a ciki danshi ne ke gadonsa.

Kafinta Mai Zarto
Wannan gaskiya ne, katako yana son numfashin mutum. Malam Magini, in gindin ne kawai ya ci, ba sai an cire duka ba. A tokare bene, a yanke ruɓaɓɓen, a yi wa sabo haƙori a cusa, a ɗora shi a kan dutse kada ya taɓa ƙasa. Aikin kwana biyu ne in an samu busasshen itace. Ka ɗauki hoton wurin?

Magini Ɗan Zazzau
Na ɗauka, har da na mahaɗar silin ɗin. Zan turo da daddare in wuta ta dawo. Ƙanwata, an ce mini a Zheravna, can gabas kusa da Kotel, akwai gidajen katako zalla wajen 200 da ba a taɓa yi wa fenti ba, a Kovachevitsa kuma rufin ma da falalen dutse ake yi. Ban samu zuwa ba.

Ɗalibar Plovdiv
Zheravna ba ta yi mini nisa sosai ba, in mun gama jarrabawa zan je in sha Allah. Baba Kafinta, ka rubuto mini abin da kake so in duba, don ni in na ga katako ban san gabansa da bayansa ba.

Kafinta Mai Zarto
Ki duba kusurwa, 'yata, inda katako biyu suka haɗu. Ki gani ko ƙusa suka sa ko tsaga suka yi suka sarƙe. Sannan ki tsaya a jikin bango ki taka zuwa inda ruwan rufi ke ɗiga, ki ƙirga mini taku nawa ne.